Wat Ɗari Uku

Azare, 6 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Baba, Malam Hammawa Mai Rediyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya ƙafar, ya mutanen gida. Maigidana Abdulrashid da yara suna gaishe ka. Na ba Babagana direba wannan takarda tunda ka ce rubutun waya ya yi wa idonka ƙanƙanta, kira kuma ba shi da amfani tun da kunnen ya tafi.

Baba, akwai aikin da na daɗe ina yi ban faɗa maka ba. Kaset-kaset ɗin bidiyo da ke cikin akwatin Inna, Allah ya jiƙanta, na bikin Yunusa da na dawowarta daga Makka, duk na juye su a kwamfuta. Na haɗa da waɗanda na ɗauka da wayata a shekarunta na ƙarshe. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ta faɗa na rubuta shi a ƙasan hoton, yadda da bakinta ya motsa za ka karanta. Wata bakwai ina yi a shago, in babu kwastoma. Shekara uku ta yi tana yi maka hira ba ka ji kafin ta rasu, abin ya tsaya mini a rai.

Yanzu ina haɗa maka ƙaramar kwamfuta, shimfiɗaɗɗiya kamar tsohuwar na'urar bidiyo, wadda za ta zauna ƙarƙashin talabijin ɗin falonka. Ba sai ka koyi komai ba, rimot ne kawai. Gidanta ya samu, bod ya samu, wato farantin da komai ke kansa, faifan ajiya ma ya samu. Abu ɗaya ya rage, akwatin wuta, wanda mu a nan muke ce wa fawa. Shi ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan ciki. Ina so in sa ƙarami mai wat ɗari uku, amma ban san yadda wutar Katagum take yanzu ba. Kai ka san ta fiye da kowa. Idan ba damuwa, ka gaya mini.

Na sa maka man zafi a cikin ledar. A gaida Goggo Mariyamu.

'Yarka,
Murja

Katagum, 15 ga Fabrairu, 2024

Murjanatu,

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta iso, man zafi ma ya iso. Allah ya yi albarka.

Na ɗauko mitata daga ƙasan gado. Kwana bakwai ina auna wutar falo, safe da azahar da bayan magariba, ina rubutawa a bayan kalanda. Da safe tana kai ɗari biyu da goma. Da azahar ɗari da tamanin. Bayan magariba, idan kowa ya kunna nasa, na ga ɗari da arba'in da biyu. Ranar Talata da aka ɗauke aka dawo da ita, allurar ta yi tsalle ta wuce ɗari biyu da sittin kafin ta kwanta. Wannan tsallen shi ke kashe kaya, ba ƙarancin ba. Don haka duk abin da za ki saya, ki karanta jikinsa. Idan an rubuta yana karɓar wuta daga ɗari zuwa ɗari biyu da arba'in, to. Idan ɗari biyu da talatin kawai aka rubuta, ki bar musu abinsu.

Amma ɗari uku ya yi mini kaɗan. Wanda ke cikin kwamfutar gidan kallon ƙwallon ƙaninki Yunusa, ɗari bakwai aka rubuta a jikinsa. Ba a ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi. Kafin ki biya komai ki kira Yunusa ki ji ta bakinsa, shi ya zauna a benci na, ya san wuta.

Maganar mahaifiyarku kuwa, na karanta. Allah ya haskaka kabarinta.

Ki gaida Abdulrashid.

Mahaifinki,
Hammawa

Azare, 27 ga Fabrairu, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ga kwamfutar nan a hannun Babagana, na ce ya ɗora ta a kujerar gaba, kada ya sa ta a but tare da buhunan albasa.

Takardarka na karanta ta sau uku. Ban taɓa zaton za ka yi kwana bakwai kana auna mini wuta ba. Ita ce ta raba mini gardama, domin ɗaya daga cikin biyun da nake dubawa ɗari biyu da talatin kawai yake karɓa. Na mayar da shi. Wanda na sa yana karɓa daga ɗari, kamar yadda ka ce.

Game da ɗari uku, ga hujjata. Na kunna kwamfutar tana nuna bidiyo, na auna abin da take ja, bai kai wat saba'in ba. Ɗari uku na gaskiya ya ishe ta har da ragowa. Irin na Yunusa na san su, kusan kullum sai an kawo mini gawar kwamfutar da suka kashe. Lambar jikinsu ado ce. Ka ɗaga shi ka ji, kamar gwangwanin madara da aka shanye. Wannan da na sa, ko da yake ƙarami ne, ka ɗauke shi a hannu za ka ji nauyi. Idan wuta ta yi tsallen nan da ka faɗa, ko aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kashe kansa yake yi, ba ya barin ta wuce ciki. Fankarsa kuma ba ta ihu. Na san kai ba za ta dame ka ba, amma Goggo Mariyamu da duk wanda ya zo kallo za su so su ji muryar Inna ba tare da gurnani a bayanta ba.

Ban kira Yunusa ba, Baba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan sana'a.

Jan maɓallin shi ne na kunnawa. Ka fara da na Makka, a nan ta fi dariya.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Murja

Katagum, 3 ga Maris, 2024

Murjanatu,

Salamu alaikum. Kaya sun iso lafiya. Kafin in kunna sai da na kwance murfin na duba ciki. Akwatin wutar yana da nauyi, lissafinki ya fita. Wayoyin an ɗaure su da tsari, babu wadda ta taɓa fanka. Wane ne ya ɗaure miki su? Ki ce masa ya iya aiki.

Na kalli na Makka da na biki. Na karanta abin da take cewa. Sauran sai a hankali.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Hammawa

Katagum, 14 ga Afrilu, 2024

Murjanatu,

Salamu alaikum, an yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Ba labari mai daɗi ba ne. Ranar Sallah ta biyu Goggonki Mariyamu ta zo da mata biyar daga dangin mahaifiyarku, wasu tun daga Gadau, don su ga 'yar'uwarsu Fadimatu a bidiyon. Aka shimfiɗa tabarmi, na danna maɓalli. Ba a yi minti goma ba sai na ga matan sun miƙe suna nuna ƙasan talabijin. Ni ban ji ƙarar ba, warin na ji. Hayaƙi ya fito ta baya. Na zare waya, amma aikin gama ya gama. Suka tashi suka tafi ko lemo ba su sha ba, ni kuma na zauna da kunya.

Akwatin wutarki ne ya ƙone. Na faɗa miki ɗari uku ya yi kaɗan. Na cire shi na jefa a masai don kada jikoki su ɗauka. Ga sauran nan na ba Babagana, ki duba ko akwai abin da zai moru.

Mahaifinki,
Hammawa

Katagum, 16 ga Afrilu, 2024

Yaya Murja,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, ya yara, ya Yaya Abdulrashid. Ki yi haƙuri da rubutuna, wayata ta faɗa ruwa tun cikin azumi, shi ya sa na bi hanyar Baba. Ga busasshen kifi kaɗan na bakin kogi, ki yi wa yara miya.

Na daɗe ina son in yi miki godiya, maigidana Yunusa ba zai yi ba, kin san halinsa. Kafin azumi kwamfutar gidan kallo ta dinga mutuwa ana tsakiyar wasa, tana wani wari kamar an ƙona roba. Samari suka fara komawa wajen mai sabon janareta na bakin tasha. Kwana huɗu ba mu ɗora tukunya da nama ba. Sai Baba ya zo da kansa, da sandarsa, ya kawo ɗan ƙaramin akwatin nan baƙi, ya ce ke kika aiko wa ƙaninki. Ya yanka langa-langa ya yi masa mazauni don ya yi wa wurin ƙanƙanta, ya ɗaura, ya tafi da tsohon a leda. Tun ranar ko tari ba ta sake yi ba. Ko wuta ta yi ƙasa tana ci gaba da aikinta, kuma shiru kamar ba a kunna ba. Da Sallah sai da aka ƙaro benci.

Allah ya bar zumunci, ya raya miki zuri'a. Na ji an ce ta falon Baba ta lalace, Allah ya mayar da alheri.

Ƙanwarki,
Halimatussa'adiyya

Azare, 21 ga Afrilu, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Ranar da takardarka ta zo rufe shago na yi. Na je wajen wanda ya sayar mini da akwatin wutar, dattijo ne, muna mutunci shekara da shekaru, na faɗa masa maganganu a gaban mutane. Ya rantse kayansa mai kyau ne, ban saurare shi ba. Na dawo gida ina cewa ni na kunyata mahaifina a gaban dangin Inna.

Da na kwance kwamfutar sai na ga an yanke bayanta da almakashin ƙarfe an faɗaɗa wurin, an huda sababbin ramuka biyu. Akwatin da na sa ba ya bukatar haka. Na ga guntun waya a manne da bod, an haɗa ta da dalma an murɗe bakinta hagu. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke murɗe waya haka. Na zauna ina neman wata fassara ban samu ba. Washegari takardar Halima ta iso da kifi. Ka bar ta, ba ta san komai ba, godiya ta yi mini a kan kyautar da ban yi ba.

Bod ya ƙone. Faifan ajiya ya ƙone. Gidan ma an yanka shi.

Ba ɗaukar ce ta fi yi mini zafi ba. Da ka ce, "Murja, ƙaninki yana cikin matsala," da na aika masa da wanda ya dace da tasa kwamfutar a motar farko. Abin da ya tsaya mini shi ne ka ɗauka ka ba shi, tsohon nasa da ka sa a madadinsa ya ƙone aikina, sannan ka rubuto da hannunka cewa zaɓina ne bai yi ba.

Ina shekara tara wani makiyayi ya kawo rediyo, ka yi ta nema ba ka ga ciwon ba. Ina tsaye a bayanka na nuna maka wayar lasifika da ta saki. Ka buge mini yatsu da ƙotar sukundireba, ka ce in shiga gida. Da mutumin ya dawo ina ji ta zaure kana ce masa, "Ɗana ne ya gano, shi zai gaje ni." Yunusa yana shekara shida, yana can yana wasan ƙasa. Ka ba shi benci, ka ba shi mita babba, ka ba shi akwatin kayan aiki. Bai shekara biyu ba ya rabar da su. Ni sai da na yi aure na haifi biyu sannan Abdulrashid ya kai ni inda aka koya mini.

Ka tambayi wanda ya ɗaure wayoyin. Ni ce, Baba. Babu kowa a shagona sai ni.

Gobe zan je in ba dattijon nan haƙuri. Ban san me zan ce masa ya faru ba.

Allah ya huci zuciyarka idan na yi tsauri.

'Yarka,
Murja

Katagum, 2 ga Mayu, 2024

Murjanatu,

Wa'alaikumussalam. Na karanta. Ban san na haifi alƙali ba.

Na ɗauka, ban musa ba. Yunusa yana da mata da 'ya'ya uku, da wannan kwamfutar yake ciyar da su. Taki ta kallo ce. Ke kina da miji, kina da shago. Idan gida biyu suka kama da wuta, wanda mutane ke ciki ake fara kai wa ruwa. Tsohon kuma ban sa shi haka kawai ba. Na canza masa kafasita biyu. Fiyus ɗinsa ne ban samu irinsa a Katagum ba, na ɗaura siririyar waya a wurin, yadda na yi shekara arba'in ina yi wa rediyo babu wanda ya dawo da ƙara. Wannan karon hannuna ya kuskure. Na ce naki ne don kada ki kama ƙaninki da gaba. Na yi ƙarya, Allah ya yafe mini.

Maganar benci, wa zai bar 'yarsa ta zauna a bakin kasuwa cikin maza, hannunta duk ƙunar dalma? Abin da na ga daidai ne na yi. Ban tuna wani makiyayi ba.

Tunda yau ranar tone-tone ce, ni ma ina da tawa. Kin san dalilin da ya sa kwamfutar ta zauna a rufe har na ga ba ta da amfani? Akwai wanda kika ɗauka da waya, mahaifiyarku tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta ɗago ta yi magana, a ƙasa aka rubuta, "Hannun Malam ai Murja ce ta ɗauko shi, shi ne dai ya ƙi gani." Na mayar baya na sake kallo har sau biyar ina duban leɓenta. Shekara talatin da takwas na zauna da matar nan, ban taɓa jin ta faɗi haka ba, ko a cikin faɗa. Ni kurma ne. Ita tana kabari. Mai alƙalami ke ce. Me zai hana ki sa mata abin da kika daɗe kina son a faɗa?

Daga ranar ban sake kunnawa ba sai da Goggonki ta matsa.

Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Hammawa

Azare, 5 ga Mayu, 2024

Baba,

Assalamu alaikum.

Ban taɓa zaton zan rayu in ga ranar da za ka ce na yi wa Inna ƙarya tana kabari ba.

Ina da kwafin komai a shago. A cikin ambulan ɗin nan akwai filashi, bidiyon zogalen ne kaɗai a kansa, na cire rubutuna gaba ɗaya. Minti biyu ne da rabi. Ka kai wa Yunusa, tunda shi ka yarda da shi, kuma yana da kwamfuta mai lafiya. Ya kunna, ya saurara, ya rubuta maka a takarda abin da ya ji. Duk abin da ya rubuta na yarda.

Ba zan sake haɗa wata kwamfutar ba sai na ga wannan takarda.

Ina gaida Goggo.

Murja

Katagum, 19 ga Yuni, 2024

Murjanatu,

Salamu alaikum. Da fatan an yi Babbar Sallah lafiya. Mun zuba ido ba mu gan ku ba. Naman da kika aiko ya iso. An yi ruwa sau biyu, mutane sun fara shuka.

Filashin yana wajen Yunusa tun makon da ya iso. Na tambaye shi sau uku. Ya ce bai samu zama ba, ga jama'a, ga kuma matsalar da ta taso. Ya sayo wani katin hoto babba ya ƙara wa kwamfutar don samari su riƙa buga ƙwallo a kanta. Tun da ya sa shi, da an fara wasa sai ta ɗauke ɗif. Babu wari, babu hayaƙi, a sake kunnawa ta tashi lafiya, a fara wasa ta sake ɗaukewa. Na duba da mita ban ga komai ba. Wannan ya wuce sanina. Ya ce da zarar ta daidaita zai kunna na mahaifiyarku ya rubuta mini.

Ina jin akwatin wutar ne ya yi mata kaɗan. Na kwafo miki lambar da ke jikin katin a bayan wannan takarda. Ki duba ki gaya mana wat nawa zai saya, kuma wane iri. Ke kika fi sanin waɗannan.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Hammawa

Azare, 22 ga Yuni, 2024

Baba,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya.

Ɗari biyar da hamsin. Ya ɗaga ya ji nauyinsa kafin ya karɓa, kuma kada ya sayi na bakin tasha.

Bidiyon Inna ba ya bukatar katin hoto. Ko a wayarsa zai buɗe.

A gaida mutanen gida.

Murja